Yadda Ake Nemo wa Makaranta Kuɗin Lafiya da Wasanni, Daga Kasafi Har Zuwa Fili

A makarantun gwamnati da yawa, darasin motsa jiki da kiwon lafiya yana nan a jadawali, sau ɗaya ko sau biyu a mako. Idan lokacinsa ya yi, malami ya shigo da alli ya zana filin ƙwallo a allo, ya rubuta tsawonsa da faɗinsa, yara su kwafa. Su fita daga firamare sun haddace cewa filin ƙwallon raga mita 18 ne da mita 9, amma hannunsu bai taɓa ƙwallon ba. A ofishin shugaban makaranta kuma akwai akwatin taimakon gaggawa a saman kabad. In ka buɗe sai ka tarar da almakashi, da kwalbar aidin da ta bushe, da guntun bandeji da ya yi ƙura.

Iyaye da malamai suna kuka a kan wannan, suna kuma kai kukan. Abin da ke hana shi haifar da komai shi ne yadda ake kai shi: a tafi wajen babban mutum a ce "a taimaka wa makarantarmu", ya ce in sha Allahu za a duba, a yi addu'a a tashi. Kuɗin gwamnati ba ya fita da haka. Yana fita ne idan buƙata ta zama adadi, adadin ya samu layi a kasafin wata hukuma takamaimai, aka shigar da shi a kan lokaci, sannan wani ya bi fayil ɗin har kuɗin ya sauka. Duk abin da ke tafe bayani ne a kan waɗannan abubuwa huɗu.

Ku fara da ƙirga

Kafin a rubuta wa kowa takarda, mutum uku ko huɗu daga kwamitin kula da makaranta na al'umma, wato SBMC, su ware safiya ɗaya su zagaya makarantar da littafi da tef ɗin awo da waya mai kyamara. Dole a samu mace a cikinsu, domin akwai abin da ɗalibai mata ba za su faɗa wa namiji ba.

Ku ɗauki adadin yara daga rajistar kiran suna, maza daban mata daban. Ku ƙirga ban-ɗakuna, amma masu aiki kawai: wanda ramin bai cika ba, yana da ƙofa, ƙofar tana da sakata. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2009 don makarantun da ke wuraren ƙarancin hali ya ce ban-ɗaki ɗaya ga 'yan mata 25, ban-ɗaki ɗaya da wurin fitsari ɗaya ga yara maza 50, ban da na malamai. Ruwa kuwa lita 5 ga kowane mutum a rana a makarantar jeka-ka-dawo, lita 20 a makarantar kwana. A ce makarantarku tana da mata 600 da maza 700. Kenan tana buƙatar ban-ɗaki 24 na mata da 14 na maza, da ruwa lita 6,500 kullum don yara kaɗai, wato jarka 260 mai cin lita 25. Idan masu aiki 6 ne, giɓinku 32 ne. Wannan adadi shi za ku riƙa faɗa a kowane ofis, domin jami'i yana iya musa "makarantar ta lalace", amma ba ya iya musa 32.

Sai fili. Ku auna abin da ya rage, ku nemi tsofaffin malamai da mai unguwa su nuna muku inda iyakar take tun asali. Ku tambaya ko makarantar tana da taswirar safiyo ko wata takardar mallaka. Filin wasa shi ne abin da aka fi ci a makaranta, kuma ta hanya biyu ake cin sa: daga waje a yanka shaguna da fulotai, daga ciki kuma a dasa sabon rukunin azuzuwa a tsakiyarsa saboda nan ne ɗan kwangila ya ga sarari. Na biyun ya fi ciwo, domin da kyakkyawar niyya ake yin sa, kuma ba a rushe aji. Duk lokacin da aka ce za a kawo gini, kwamiti ya nemi a nuna masa inda za a kafa harsashi kafin a zuba yashi.

Ku rubuta kayan wasan da ke sito ɗaya bayan ɗaya. Ku tambaya wane ne ke koyar da darasin, kuma ko fannin ya karanta a kwalejin ilimi ko kuwa an ɗora masa ne don ba shi da aji da yawa. Ku tambayi nisan asibitin matakin farko mafi kusa, da ranar ƙarshe da ma'aikacin lafiya ya shigo makarantar.

Abu na ƙarshe yana ɗaukar zango guda, amma ya fi duk sauran amfani: a buɗe littafin marasa lafiya. Layi biyar ya isa: rana, aji, namiji ko mace, abin da ke damunsa, abin da aka yi. Ba a sa suna a kwafen da zai fita daga makaranta. Bayan wata uku za ku ga da idonku ko zazzaɓi ne ya fi kwantar da yara, ko gudawa, ko ciwon mara, ko fitsarin jini, kuma a wane aji. Takardar da ke ɗauke da wannan ta fi ƙarfin duk wata ƙididdiga da aka kwaso daga intanet.

Kowace buƙata da ƙofarta

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tattara komai a takarda ɗaya a kai wa mutum ɗaya. Lafiyar ɗalibai tana tsakanin ma'aikatu ne: ta ilimi tana ganin aikin ta lafiya ne, ta lafiya tana ganin makaranta ba gidanta ba ce, wasanni kuma suna hannun wata ma'aikata ta uku da hankalinta ke kan ƙungiyar ƙwallon jiha. Saboda haka sai an raba buƙatun, an kai kowace inda kuɗinta yake.

Gini da kayan aiki na firamare da ƙaramar sakandare suna bin hanyar SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya ga UBEC, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa. Babban kaso na wannan kuɗi tallafin haɗin gwiwa ne: jiha ba ta karɓa sai ta ajiye nata kason daidai da na tarayya, ta kuma gabatar da tsarin aiki da ke lissafa makarantu da abin da za a yi a kowace. Burinku shi ne sunan makarantarku ya shiga wannan tsarin aiki, da ban-ɗaki ko rijiyar burtsatse ko katanga a gabansa. Hanyar tana farawa daga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zuwa sashen tsare-tsare na SUBEB. A cikin tallafin nan akwai ɗan ƙaramin kaso da UBEC ta keɓe don wasannin makarantu, kuma akwai jami'in da ke kula da shi a SUBEB. Ku neme shi, ku tambayi nawa ne kason bana da abin da aka tsara yi da shi. Sau da yawa kuɗin yana ƙarewa a gasa guda ta matakin jiha, da kanofi da kofi da jawabai, yaran ƙauye ba su san an yi ba. Hujjarku a nan mai sauƙi ce: gasa tana taɓa yara ɗari biyu na kwana uku, kayan wasa a makarantu suna taɓa dubbai shekara guda.

Babbar sakandare tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ko hukumar makarantun sakandare ta jiha. A jihohin da shirin AGILE na Bankin Duniya kan ilimin 'yan mata ya shiga, wanda ya fara da Borno da Ekiti da Kaduna da Kano da Katsina da Kebbi da Filato kafin a ƙara wasu, an riƙa tura tallafin gyara kai tsaye zuwa asusun SBMC. UBEC ma tana da irin wannan shiri na ba kwamitoci tallafi. A duka biyun ana kashe kuɗin ne a kan abin da ke cikin tsarin bunƙasa makaranta da kwamitin ya rubuta da hannunsa. Idan ruwa da ban-ɗakin mata da filin wasa ba sa cikin tsarin, babu wanda za a zarga.

Duba lafiyar yara da rigakafi da magani kuwa na hukumar lafiya matakin farko ne ta jiha, ta hannun sashen lafiya na ƙaramar hukuma da asibitin mazaɓa. A nan yawancin abin da kuke nema ba saye ake yi ba. Maganin tsutsar ciki, albendazole mai miligiram 400 ko mebendazole mai 500, da praziquantel na tsargiya, kamfanoni ne ke bayar da su kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙa'idar ita ce a ba yara maganin tsutsa sau ɗaya a shekara inda cutar ta kama kashi 20 cikin 100 ko fiye, sau biyu inda ta haura kashi 50. Abin da ke tsayar da aikin shi ne kuɗin mai, da horar da malamai, da sandar awon tsawo da ake ƙayyade yawan ƙwayar tsargiya da ita, da abincin da yaro zai ci kafin ya sha, domin praziquantel a kan yunwa yana sa jiri da amai, kuma yaro ɗaya ya yi amai a layi sai gari ya ɗauka cewa maganin guba ne. Haka rigakafin cutar sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, kyauta ne. Don haka buƙatarku a wannan ƙofa ƙarama ce: a sa makarantar a jadawalin fitar ma'aikatan asibiti, ko da sau ɗaya a zango, a kuma rubuta ranar. Kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kan asibitin shi ne abokin tafiyarku.

Ƙaramar hukuma ma ƙofa ce, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Kwashe masai, gyaran famfo, share fili, ladan mai gadi, duk ba su fi ƙarfin shugaban ƙaramar hukuma da kansilan mazaɓa ba. Akwai kuma ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Sun dace da abu guda mai girma da za a iya sa wa allon suna, kamar katanga ko rijiya mai sola. Kada ku jingina abin da ake buƙata kullum a kansu.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Shekarar kuɗi tana farawa a Janairu ta ƙare a Disamba, amma kasafin baɗi a tsakiyar bana ake dafa shi. Wajen Yuli zuwa Agusta ma'aikatar kasafi da tsare-tsare ke aika wa sauran ma'aikatu takardar kira, ta faɗa wa kowace iyakar abin da za ta iya nema. Ma'aikatu su cike nasu, su je su kare shi wajen Satumba ko Oktoba. Gwamna ya gabatar wa Majalisar Dokoki a watannin ƙarshe na shekara, kwamitocin majalisa su kira kwamishinoni, wasu jihohin a yi zaman jin ra'ayin jama'a, a amince, gwamna ya sa hannu.

Ma'anar wannan a aikace: takardarku ta isa teburin daraktan tsare-tsare da bincike da ƙididdiga na ma'aikata ko hukumar da abin ya shafa a watan Mayu ko Yuni. Wannan darakta shi ne mutumin da aka fi mantawa da shi, alhali shi ne mai riƙe da alƙalamin da ke rubuta layukan. Kwamishina yana iya cewa ya amince a gaban 'yan jarida, amma in daraktan bai ga takarda ba, layin ba zai fito ba. Wanda ya zo a Nuwamba ƙofa ɗaya ta rage masa, ita ce ta kwamitin ilimi ko na lafiya a majalisa, ta hannun ɗan majalisar mazaɓarsa. Wanda ya zo a Fabrairu sai dai ya jira ƙwarya-ƙwaryar kasafi in za a yi, ko ya fara shirin baɗi.

Kafin ku je, ku sauko da kasafin jihar na bana da na bara. Tun da SFTAS, wani shirin Bankin Duniya na gyara harkar kuɗin jihohi, ya sharɗanta wa jihohi wallafa kasafinsu, kusan kowace jiha tana sa shi a shafinta, tare da rahoton abin da aka kashe duk wata uku. A yawancin kasafin jihohi lambar ɓangaren ilimi tana farawa da 0517, ta lafiya da 0521. Ku binciko duk layin da ya ambaci wasannin makarantu, magunguna, ruwa da tsafta. Ku rubuta lambar layin, da abin da aka ware, da abin da aka saki. In kun tarar da layi yana nan amma shekara biyu ba a saki ko kwabo ba, to yaƙinku na sakin kuɗi ne, kuma ƙarin adadi ba zai amfane ku ba. In babu layin kwata-kwata, ku nemi a buɗe shi ko da da ɗan kaɗan ne. Layin da ya shiga kasafi sau ɗaya yakan dawo baɗi, kuma ƙara masa ya fi sauƙi a kan ƙirƙiro sabo.

Akwai bambancin da ya kamata kowane ɗan kwamiti ya riƙe, tsakanin manyan ayyuka da kuɗin gudanarwa na yau da kullum. Gina ɗakin shan magani babban aiki ne, ana yin sa sau ɗaya, ana yanka kirtani. Maganin da za a zuba, da wanda zai zauna a ciki, da sabulu, da audugar mata, da kwashe masai idan ya cika, da canza robar famfon tuƙa-tuƙa, duk kuɗin gudanarwa ne, kuma su ne ba a so a rubuta. Shi ya sa ake ganin ban-ɗaki sabo fil a kulle da kwaɗo saboda babu ruwa, da ɗakin magani da ya koma siton karyayyun kujeru. Duk naira da kuka nema ta gini, ku rubuta kusa da ita abin da riƙe ginin zai ci a shekara da wanda zai biya.

Takardar kanta

Shafi ɗaya, sai shafi na biyu na lissafi, sai hotuna uku ko huɗu. Jimlar farko ta faɗi abin da ake so. Ga yadda za ta iya farawa:

"Mai girma Shugaba, bayan gaisuwa da fatan alheri. Kwamitin wannan makaranta yana roƙon a sanya ginin ban-ɗaki 12 na ɗalibai mata da gyaran rijiyar burtsatse ɗaya a cikin tsarin aikin shekara mai zuwa. Makarantar tana da ɗalibai mata 600, kuma ban-ɗaki 3 ne kawai suke amfani da su."

Ku lura an nemi 12 alhali giɓin ya fi haka. Da gangan ne. Ku nuna cikakken giɓin, sannan ku raba shi shekara uku, domin jami'in da ke da makarantu ɗaruruwa a gabansa ya fi iya amsa abin da zai shiga iyakarsa. Ku faɗi abin da al'umma za ta kawo: yashi, ƙwadago, gadi, kuɗin sabulu daga ƙungiyar iyaye da malamai. Farashi kuwa ku karɓo shi a rubuce daga 'yan kasuwa uku, ku sa kwanan wata, domin farashin Yuni ba shi ne na Janairu ba.

Lissafin kayan wasa a yi shi bisa aji, kada a yi shi bisa ƙungiyar makaranta. Aji mai yara 60 da ƙwallo ɗaya yana nufin 22 suna wasa 38 suna kallo. In an raba su rukuni shida na goma-goma, ana buƙatar ƙwallo 6, mai lamba 4 ga 'yan firamare, mai lamba 5 ga manya. A ƙara igiyar tsalle 20 zuwa 30, da famfon iska biyu da allurai na ajiya, da usur, da tef na awo, da farar ƙasa ta shata fili, da raga ɗaya ta ƙwallon raga. Allurar famfo ƙaramin abu ce, amma rashinta ya kashe ƙwallaye masu yawa a sito. Ƙwallo a tsandauri mai ƙaya da tsakuwa ba ya daɗewa, saboda haka a sa kuɗin maye gurbi a kowace shekara, a kuma share filin daga ƙaya da kwalabe kafin a fito da sabon kaya. Langa da kokawa da gaɗa da tsere ba sa cin ko sisi, kuma ambaton su a takarda yana nuna cewa ba jiran gwamnati kawai kuke yi ba.

Akwatin taimakon gaggawa ya ƙunshi safar hannu, auduga, bandeji, filasta, maganin wanke rauni, almakashi, ma'aunin zafin jiki, farasitamol, ruwan gishiri da sukari na leda da ake kaɗawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, da audugar mata. Ma'aikacin lafiya ne zai tabbatar da jerin, ya kuma horar da malamai biyu, namiji da mace. Kada a zuba allurai ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a akwatin da malami zai riƙe. Ku ƙara allon gwajin ido mai harafin E, wanda ake karantawa daga nisan mita 6. Yaron da ya kasa karanta layin da aka yi wa alamar 6/12 a allon a tura shi asibiti. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira daƙiƙai a bayan aji allo ne ba sa gani.

Takardar ta ɗauki sa hannun shugaban kwamiti da shugaban makaranta da dagaci ko hakimi. Ku yi kwafe biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa a rajista ku dawo da shi. Takardar da aka miƙa wa mutum a hannu a wurin ɗaurin aure ba ta shiga fayil.

Wa za a tafi da shi, me za a faɗa

Mutum biyar sun isa: shugaban kwamiti, uwa ɗaya mai iya magana, malamin wasanni, wakilin hakimi ko limami, da wani tsohon ɗalibi da ake jin nauyinsa. Shugaban makaranta ma'aikaci ne, kada a sa shi gaba wajen matsa wa iyayen gidansa, ana iya yi masa canjin wurin aiki. Makarantu goma na yanki ɗaya su haɗu su kawo takarda ɗaya mai jadawali, hakan ya fi goma masu zuwa ɗaiɗai.

Kuna da dogaro na hukuma. Manufar lafiyar makarantu ta ƙasa da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a 2006 ta tanadi muhalli mai tsafta, da hidimar lafiya, da ilimin kiwon lafiya, da ciyarwa, da haɗin kai tsakanin makaranta da gida. Gyaran manhaja na 2012 ya cusa darasin motsa jiki cikin kimiyya da fasaha, abin da ya rage masa lokaci da martaba, amma manhajar da aka sanar a 2025 ta lissafa shi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare. Darasi mai zaman kansa yana buƙatar malami da kayan aiki kamar kowane. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki mai sa gumi na minti 60 a rana.

Za a ce muku, "Ranku ya daɗe, yara suna zaune a ƙasa, ku kuna maganar ƙwallo?" Kada ku yi musu, gaskiya ce. Ku nuna cewa kayan wasan makaranta gaba ɗaya ba su kai kuɗin rufin aji ɗaya ba, kuma aji da kujera ba sa amfanar yarinyar da ke zama a gida kwana uku ko huɗu duk wata saboda babu ban-ɗaki mai ƙofa. Za a ce yaran karkara suna noma suna ɗebo ruwa, wane motsa jiki kuma? A nan ku karkata ga lafiya, ga tsargiya da tsutsar ciki da ƙarancin jini, ku kuma tuna cewa a fili ne malami ke gane yaro mai asma ko sikila ko farfaɗiya kafin abu ya faru. Sanƙarau a lokacin zafi da mashaƙon da ya addabi jihohin Arewa a 2023 sun isa su nuna abin da cunkoson aji da ɗakin kwana ke haifarwa idan babu mai lura.

Batun 'yan mata kuwa daga iyaye ƙorafin zai fito, kuma yana da tushe. Amsarsa tana cikin lissafin kuɗin: malama mace, dogon wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi, lokaci daban da na maza, da wuri mai katanga. In ba a rubuta waɗannan ba, kuɗin wasanni zai zama na maza kaɗai ba tare da kowa ya yanke hakan ba. A kuma sa darasin da safe, musamman daga Maris zuwa Mayu, da ruwan sha a bakin fili, a sassauta shi a watan azumi da ranakun da ƙurar hunturu ta yi yawa.

Rediyo yana da ƙarfi a ƙasar Hausa, amma a yi amfani da shi da hankali. Ku fara ba ofis dama. In za ku shiga shiri, ku faɗi adadi da buƙata, kada ku kama suna ku ci mutunci, domin jami'in da aka tozarta yau shi ne zai riƙe fayil ɗin gobe. Hoton fuskar yara marasa lafiya kuma ba a yaɗa shi.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne

Ganin layinku a kasafin da aka sa wa hannu rabin tafiya ne. Kuɗi ba ya fita sai hukumar ta rubuta takardar neman amincewa, an amince, ma'aikatar kuɗi ta ba da izini, babban akanta ya biya. A kowane mataki fayil yana iya kwanciya. Ku naɗa mutum ɗaya da zai riƙa leƙawa duk mako biyu yana tambayar teburin da fayil yake. Ku matsa tun watanni shida na farko, domin abin da ba a saki ba har Disamba yakan mutu da shekarar.

Ku riƙa duba rahoton wata uku-uku. Idan ya nuna an kashe kuɗi a layinku ku kuma ba ku ga komai ba, ku rubuta takardar neman bayani a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ta hau kan jihohi. Ku nemi abu takamaimai: sunan aikin, adadin da aka biya, ranar biya, da jerin makarantun da suka amfana.

Ranar da kaya suka iso, a ƙirga su a gaban mutum uku kafin kowa ya sa hannu a takardar karɓa, a hura kowane ƙwallo a gani, a duba ranar lalacewar kowane magani. A shigar da su littafin sito, a rubuta sunan makaranta a jikinsu da fenti. In gini ne, kwamiti ya karɓi kwafen abin da aka rubuta a kwangila, ya je ya auna zurfin ramin masai kafin a rufe shi da kankare, ya duba cewa ƙofofin ban-ɗakin mata ba sa kallon hanyar da maza ke bi, kuma sakatar daga ciki take. Idan rijiya ce, a bar ta ta yi aiki sa'o'i a gabanku, a kai ruwan gwaji, a kuma karɓi sunan makanikin da zai riƙa gyara ta kafin ɗan kwangila ya kwashe kayansa.